Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Sa Miliyan Ba Ta Rabuwa Uku?

Wasiƙarmu ta wannan mako daga Gagarawa ta fito. Mai wasiƙar ya ce su uku suka haɗa jari, suka sayar da shanu a kasuwar Maigatari ran Alhamis, kuɗi ya kama naira 1,000,000 cif. Wajen rabo sai naira ɗaya ta yi saura, har aka fara zargin juna. Yana tambaya, wa ya yi kuskure?

To malam, ba wanda ya yi kuskure. Halin lambar ne haka.

Kowace babbar lamba da ƙananan lambobi aka gina ta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Tubalan su ne lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Ita miliyan, wadda kakanninmu ke kira zambar dubu, 10 ce aka ninka da 10 har goma shida suka jeru. Kowace 10 kuwa 2 ce sau 5. Ka ga ke nan babu 3 a jikinta, babu 7. Lambobi 49 ne ke raba ta daidai, amma 3, 6, 7 da 9 ba sa ciki. Kowannenku zai ɗauki 333,333, naira ɗaya ta rage. Ko a rabon gado haka ne: sumunin miliyan 125,000 ne cif, amma sulusi da sudusi sai da ɓurɓushi.

Yanzu dubi 720,720. Ba ta kai miliyan ba, amma lambobi 240 ne ke raba ta. Ita ce mafi ƙanƙanta da za a raba wa mutum biyu, uku, huɗu, har zuwa 16, ba saura. Mutum bakwai, kowa 102,960. Ashe girman lamba daban, sauƙin rabuwarta daban.

Ga awo da za ka riƙe, ko ba biro a hannu. In lamba ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, tana rabuwa biyu. In ta ƙare da 0 ko 5, tana rabuwa biyar. Don uku kuwa, tara alƙalumanta. Misali 855,000: 8 da 5 da 5 sun ba da 18, 18 kuwa tana rabuwa uku, to ita ma haka, kowa 285,000. Miliyan kuwa 1 kawai take bayarwa.

Saboda haka, in dillali ya ce ya raba muku miliyan uku daidai ba ko kwabo saura, a sake ƙirga. Kuma tun kafin ciniki ku yanke inda saura za ta tafi, ko sadaka ko asusun jari, don naira ɗaya kada ta ɓata zumunci.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.