Ku dasa itace kafin damina ta wuce!

Jama'a, ku fita tsakar gida da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, ku duba da kyau. Ina inuwa? Ina darbejiyar da iyayenmu ke shimfiɗa tabarma a gindinta? Mun sare ta mun ƙara ɗaki. Mun sare tsamiya mun ƙona gawayi. Ɗan filin da ya rage mun malale shi da siminti. Yaro ya taka ba takalmi, sai ya yi tsalle yana ihu. Rufin kwano ya gasa ɗaki, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, jariri yana ta tsala kuka da ƙuraje a wuya. Tsohuwa tana kwance a zaure da jiƙaƙƙen zane, numfashi sama-sama.

A Sakkwato da Maiduguri zafi kan haura digiri 40 duk bazara. A lokacin ne sanƙarau ke kama mutane. Hunturu ya zo, ƙura ta faɗo gida kai tsaye, babu ganyen da zai tare ta. Ba ku jin tarin yara da daddare? Ba ku ganin masu asma?

Kada ku ce gwamnati za ta yi. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa don tare hamada, jihohi 11 na Arewa suna ciki. Amma katangar ba za ta shigo tsakar gidanku ba. Manoman Maraɗi da Damagaram ba su jira kowa ba. Bayan farin 1984 suka riƙa barin tohon gawo a gonakinsu suna yi masa sassabe, har ƙasa ta farfaɗo.

Itace ba ya girma rana ɗaya. Darbejiya sai ta shekara uku ko huɗu kafin a sha inuwarta. Wanda ya bari wannan damina ta wuce, ya ƙara wa iyalinsa shekara guda a rana.

Ku nemi dashe yanzu da ƙasa ke da laima: darbejiya, mangwaro, zogale. Ku nisanta babban itace da katanga da masai, saiwa kan fasa gini. Ku kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando, akuya ba ta barin ɗanyen ganye. Rani ya shigo, ku zuba masa ruwan alwala, ya ishe shi rayuwa.

Maigida, uwargida, don Allah kada Agusta ta fita ba ku haƙa rami ko ɗaya ba.