Manhajar Da Ke Yi Wa Shafinka Kwalliya, Me Take Gani A Bayan Fage?

Masoya ƙwallo, masoya fina-finai da masu bin mawaƙa a intanet suna da hali ɗaya: ba sa son shafi ya zauna fari fat. Mai goyon bayan Arsenal yana son ja, na Chelsea yana son shuɗi, wata kuma tana son hoton jarumar da take ƙauna ya tarbe ta duk lokacin da ta buɗe kwamfuta. Abin da ke biya musu wannan buƙata shi ne wasu 'yan manhajoji da ake liƙa wa burauza, wato manhajar shiga intanet irin su Chrome da Firefox. Akwai masu canza launi, akwai masu toshe talla, akwai masu ɓoye labarin fim ɗin da ba ka kalla ba tukuna. Yawancinsu kyauta ne.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi tashe ita ce Stylish, wadda wani mai suna Jason Barnabe ya ƙirƙira a 2005. Da ita mutum zai sauya wa YouTube ko Facebook kama yadda ransa ke so. Shekaru aka yi ana morar ta lafiya. Sai aka sayar da ita, a farkon 2017 ta faɗa hannun kamfanin SimilarWeb, wanda sana'arsa ita ce tattara bayanai kan inda mutane ke zuwa a intanet. Sunan bai canza ba, launuka na nan yadda suke.

A watan Yulin 2018 wani injiniyan manhaja, Robert Heaton, ya bi diddigin abin da ke fita daga kwamfutarsa. Ya gano cewa Stylish tana aika cikakken adireshin kowane shafi da ya buɗe zuwa ga kamfanin, tare da wata lamba da ke bambanta shi da sauran jama'a. A lokacin kusan mutum miliyan 2 ke amfani da ita. Cikin 'yan kwanaki Google da Mozilla suka cire ta daga rumbunansu.

Kada ku raina "adireshin shafi". Idan ka nemi wani abu a Google, kalmomin da ka rubuta suna cikin adireshin. Ciwon da kake jin kunyar faɗa wa kowa, sunan wanda ka leƙa shafinsa sau goma a dare ɗaya, makarantar da kake neman shiga, duk suna nan a jere. Ko ba a rubuta sunanka ba, wanda ya riƙe jerin na wata guda zai iya gane ko kai wane ne.

Ta yaya mai fenti ya zama mai leƙen asiri? Domin ta canza launin shafi, dole a ba ta izinin karanta shafin da sauya shi. Lokacin saka ta, burauza kan nuna gargaɗi cewa wannan manhaja za ta iya karantawa da canza bayananka a duk shafukan da ka ziyarta. Mu dai mun san yadda ake yi: hannu ya riga ido, an danna amincewa. Kuma waɗannan manhajoji suna sabunta kansu ba tare da sallama ba, don haka sabon mai ita yana gadar izinin da ka ba tsohon. Haka ta faru da The Great Suspender, wadda Google ya cire a Fabrairun 2021 bayan ta sauya hannu an cusa mata mugun abu.

Akwai kuma na'urar ƙidayar baƙi, wadda mai shafi ke sakawa don ya san masu ziyartarsa. Shahararriya a ciki ita ce StatCounter, kuma wanda ya kafa ta a Dublin ta ƙasar Ireland a 1999, Aodhan Cullen, shekararsa 16 a lokacin, sa'an 'yan aji biyar ke nan. Irin wannan na'ura tana nuna lambar IP ta baƙo, irin wayarsa ko kwamfutarsa, lokacin da ya shigo, da shafin da ya fito. Ba ta nuna suna.

A nan ne rigima ke tashi tsakanin masoya. Wani ya turo zagi ba suna, mai shafi ya duba ƙidaya, ya ga an shigo daga gari kaza a daidai lokacin, sai ya yanke hukunci cewa wane ne. Wannan hujja ba ta da ƙwari. Kamfanonin waya kan haɗa mutane da yawa a kan lambar IP ɗaya, kuma garin da ake nunawa kintace ne: kana zaune a Kano da datar wayarka, a rubuta Legas. Zumunci ya sha lalacewa a kan abin da bai kai shaida ba.

A ganinmu an fi tsoron wadda ba ta kai a ji tsoronta ba. Na'urar ƙidaya tana ganinka ne a gida ɗaya da ka shiga. Manhajar da ka liƙa wa burauza kuwa tana biye da kai gida-gida.

Chrome na wayar Android ba ya karɓar irin waɗannan manhajoji, Firefox kuwa yana karɓa. Inda abin ya fi shafar ɗalibai shi ne kwamfutar da ake rabawa: ta ɗakin kwamfuta a makaranta, ta yaya a gida, ko ta kafe inda ake duba sakamakon jarrabawa. Kafin ka rubuta kalmar sirri a can, dubi saman burauza ta hannun dama, akwai wata 'yar alama mai kama da guntun wasan haɗa hoto. Danna ta za ka ga duk abin da aka liƙa. Idan kwamfutarka ce, cire wadda ba ka tuna dalilin saka ta ba, sauran kuma ka taƙaita musu izini zuwa shafin da suke yi wa aiki kaɗai. Idan ta makaranta ce, nuna wa malamin kwamfuta.