Ciwon Fargaba da Haƙƙin Majinyaci na Zaɓen Magani

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2023 ita ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Tun daga lokacin mutane da yawa suke ɗaukarta dokar masu yawo a bola da waɗanda ake sanya wa mari. Wannan fahimta ta gaza. Dokar ta tanadi a yi wa majinyaci bayani, a nemi yardarsa, a kuma sa shi cikin tsara yadda za a yi masa magani. Masu ciwon fargaba, waɗanda hankalinsu garau yake, suna noma suna cin kasuwa, suna cikin waɗanda tanadin ya fi shafa.

Ciwon fargaba tsoro ne da ya wuce kima ya ƙi tafiya: faɗuwar gaba ba dalili, bugun zuciya, gumi, rashin barci, wani lokaci jin kamar ajali ya zo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 suna fama da shi a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Manyan hanyoyin magani biyu ne. Akwai ƙwayoyi irin su fluoxetine da sertraline, masu ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsu, waɗanda ba a daina su farat ɗaya. Akwai kuma magani ta hanyar zama da ƙwararre, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke hura masa tsoro da tunkarar abin da yake gudu sannu a hankali.

Da yake kowace hanya tana aiki, zaɓin ya danganta da rayuwar mai ciwon. A nan takardar taimakon zaɓi take shigowa. Takarda ce, ko sauti a waya, mai jera hanyoyin gefe da gefe, da amfanin kowace da illarta da kuɗinta, sannan ta tambayi mutum abin da ya fi damunsa. Mai shayarwa tana da tambayarta, manomin da ba zai bar gona da damina don zuwa asibiti duk mako ba yana da tasa. Masu bincike a Ottawa ta ƙasar Kanada sun daɗe a kan wannan aiki, kuma bitar ƙungiyar Cochrane ta 2024, da ta haɗa bincike sama da 200 kan cututtuka daban-daban, ta nuna irin waɗannan takardu suna ƙara wa majinyata sani, suna rage musu ruɗani.

Babban cikas shi ne zaton cewa magani da magana al'adar Turawa ce. Tarihi bai yarda da haka ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, almajirin al-Kindi, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya ware rabi guda ga lafiyar rai. Ya yi babi kan fushi, babi kan tsoro da firgita, babi kan baƙin ciki, da babi kan waswasi. Ya shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar buƙata. Ya lura cewa yawan haɗuwa da abin tsoro yana rage tsoronsa, wanda shi ne ginshiƙin abin da ƙwararru ke yi a yau. Ya kuma bambanta baƙin cikin da ke da sananniyar sila da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, ya ce na biyun daga jiki yake, sai an haɗa da maganin likita. Littafin ya daɗe a ma'ajiyar littattafai ta Istanbul, kuma Farfesa Malik Badri na Sudan ya fassara sashen rai zuwa Turanci a 2013. Abin takaici ne a ce Kano, da duk zaurukan karatunta, ba a san wannan littafi yadda ya kamata ba, alhali malamai ne mutanen farko da mai faɗuwar gaba yake kai wa kuka.

A ƙaramar hukumar Rimin Gado, alal misali, da ke kan hanyar Kano zuwa Gwarzo, zaɓin ba a asibiti ake fara yin sa ba. Mai ciwo daga Gulu ko Butu-Butu yakan fara da tofi da rubutu, in abin ya ci tura sai kemis. Zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana cin kuɗin mota da yini guda, ga tsoron a ce wane ya taɓu. A kemis kuwa abin da ya fi saurin fitowa shi ne diazepam, mai kwantar da jiki cikin ƙasa da awa ɗaya amma mai kama mutum har ya kasa rabuwa da shi. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ba su yarda a riƙa amfani da wannan rukunin ƙwayoyi a matsayin maganin ciwon fargaba ba. Jihar da ta ga ɓarnar kodin har aka haramta maganin tari mai ɗauke da shi a 2018 bai kamata ta bar mai kemis yana yanke wa majinyata hukunci ba.

Takardar da za ta yi aiki a nan dole ta fito da Hausa, a boko da ajami, da sauti saboda wanda ba ya karatu. Dole ta faɗi farashi da kuɗin mota da naira, ta bar gurbin miji ko uwa da za su zauna a shawarar, ta kuma bayyana cewa addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da likitocin ƙwaƙwalwa na Jami'ar Bayero suna da masu iya rubuta ta. Sai dai jera hanyar zama da ƙwararre a takarda ba shi da amfani in babu mai yin ta a ƙaramar hukumar, don haka horar da jami'an lafiya na asibitocin sha-ka-tafi wajibi ne ya tafi tare da buga takardar.