Tsakar Gida, Mafakar Bazara da Muke Binnewa da Siminti

Daga tsakiyar Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, ɗaki ba wurin zama ba ne a ƙasar Hausa. A Sakkwato da Maiduguri da Damagaram zafin Afrilu kan haura digiri 40. Kwanon rufi ya sha rana tun hantsi, bangon bulo kuma ya riƙe zafin ya yi ta huro shi har tsakar dare. Da an ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai kowa ya naɗo tabarmarsa ya yo waje. A nan ake sanin darajar tsakar gida.

Magabata ba don sun rasa abin ginawa suka bar wannan fili ba. Sun san ƙasar da aka yayyafa wa ruwa da la'asar takan huce kafin magariba, domin ruwan da ke bushewa da zafi yake tafiya. Hikimar randa ke nan: tana tsattsafo ruwa ta jikinta, iska na busar da shi, na ciki yana ƙara sanyi. A kan wannan ne marigayi Muhammad Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Sai bishiya, wadda a ganina ita ce ran gidan. Darbejiya, ko dogon yaro, baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, an fara dasa ta a Borno a 1928, amma yau ta zama 'yar gida saboda tana riƙe ganyenta a lokacin da sauran itatuwa suka kakkaɓe nasu. Inuwarta daban take da ta rumfar kwano. Ganye na fitar da danshi, don haka iskar da ta ratso ta cikinsa a sanyaye take isowa. Duk wanda ya taɓa yin ƙailula a gindinta, ya farka ya tarar da fura da nono a ƙwarya, ya san abin da nake nufi. Da dare kuwa a ɗaura gidan sauro, yara su kewaye kaka da tatsuniya, maigida ya kishingiɗa da rediyonsa. Hutu ne da ba a biya masa ko kwabo.

Akwai ma batun lafiya. Bazara lokacin sanƙarau ce, kuma cunkoso a ɗaki marar iska na taimaka wa cutar yaɗuwa. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta hallaka sama da 11,000. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke nanata a riƙa kwana inda iska ke ratsawa.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke gini yanzu. Fuloti ya yi tsada, na sani, iyali kuma na ƙaruwa. Amma sai ka ga an cinye filin kaf da ɗakuna, ɗan abin da ya rage a malale shi da siminti, a sare bishiyar wai tana zubar da ganye ko saiwarta za ta fasa gini. Simintin nan ya wuni yana shan rana, da dare ko tabarma ba ta shimfiɗuwa a kansa. Daga nan sai neman kuɗin man janareto.

Mai shirin gini, ka bar wa iyalinka ko da taku goma na ƙasa tsura. Wanda ya riga ya malale nasa, ya fasa kusurwa ɗaya nesa da bango da shadda, ya haƙa rami ya zuba taki. Da damina ta kankama a watan Yuni, ya nemo dashen darbejiya ko mangwaro ya sa, ya kange shi daga awaki.