Gina gida a bakin gulbi: a fara duba inda ruwa ya saba kwana

Duk wanda ya ratsa gulbin Maradi ta wajen Tibiri da Gidan Rumji a watan Maris zai ga rairayi ne fetal, amalanke na wucewa ta tsakiya. Nan ake yaudarar mai neman fili. Fegi a fadama ya fi araha, ga inuwa, ga rijiya ba zurfi, sai 'yar kasuwa ta zuba kuɗin adashinta ta saya. Amma gulbin nan daga ƙasar Katsina yake kwaso ruwa, kuma yakan cika ko da ba a yi ɗigo ɗaya a garinku ba.

Idan mai karatu bai sani ba, tsohon garin Maradi a cikin kwarin gulbin yake. Ambaliyar 1945 ce ta rushe shi, aka mai da gari kan tudu. A daminar 2024 ma jihar Maradi na cikin waɗanda suka fi asarar rayuka da gidaje a Nijar.

Saboda haka kafin a biya ko dala, a je a ga filin a watan Agusta, a tambayi masu garka inda ruwa ke tsayawa. Ginin ƙasa ya fi kwano sanyi lokacin bazara, kuma ta gindi ruwa ke cin sa. A ɗaga tushe da dutse ko bulon siminti, a cika daɓe ya fi tsakar gida tsawo, a sa indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da bango, a yi yaɓe kafin ruwan farko. Ɗakin ajiyar buhunan gero, wake ko aya, shi ya kamata ya hau wuri mafi tudu a gidan, buhunan kuma a kan katako. Masai ya yi nisa da rijiya, domin ruwan fadama kusa yake.

Sai itatuwa. A kwarin gulbin Kaba, wajen Gazawa da Agye, goruba ce ke riƙe ƙasa, ita ce kuma ke ba mata kabar tabarma da faifai. Sare ta don faɗaɗa fegi wauta ce. Gawo kuwa ganyensa na nan da rani, lokacin da ake neman inuwa, ya kakkaɓe shi da damina bango ya sha iska ya bushe. A gina rumfa kusa da shi, a bar shi tsaye.