Idan Jiki Ya Ƙi Karɓar Ƙodar Ɗan'uwa

Mai ciwon ƙoda yakan samu ɗan'uwan da ya amince ya ba shi ƙoda, amma bayan gwajin jininsu likita ya ce dashen ba zai yiwu ba. Idan haka ta same ku, kada ku yanke ƙauna.

Garkuwar jiki ba ta mantuwa. Ƙarin jini, ko ɗaukar ciki, ko dashen da aka taɓa yi, kan sa jini ya tanadi sinadaran yaƙi da naman jikin wani. Shi ya sa wata matar ba za ta iya karɓar ƙodar mijinta ko ta ɗanta ba. Idan aka dasa duk da haka, jiki na iya lalata ta nan take.

Akwai mafita biyu. Ta farko musaya ce tsakanin iyalai biyu: mai bayarwa na wannan gida ya ba majinyacin wancan, na wancan ya ba na wannan. Ta biyu, a tace ruwan jinin majinyaci da na'ura, a haɗa masa da magunguna, har sinadaran su ragu. Wannan tana da tsada, kuma tana raunana jiki a gaban cututtuka.

Ku faɗa wa likita yawan haihuwa da ɓari da ƙarin jinin da aka yi. Mai wankin ƙoda kada a ƙara masa jini sai dole. Ku tambayi allurar da ke sa jiki ya samar da nasa. Ku guji dillalai, domin dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta haramta cinikin ƙoda.