Kowane Mako Sabon Labari: Dabarar Da Muka Manta

Jiya a wajen mai shayi a Kakuri muka yi musu da abokina. Ya daina bin wani shiri mai dogon zango saboda data ta ƙare masa, kashi uku suka wuce shi, ya dawo ya kasa kamo zaren. Na ce masa ai an taɓa yin shirin da ko daga ina ka shiga ka shiga daidai.

A Amurka, farkon shekarun 1950, yawancin wasannin talabijin kai tsaye ake yin su, an gama an gama. Sai wasu kamfanoni irin su Ziv suka koma ɗauka a faifan fim, suna sayar wa tashoshi ɗaya bayan ɗaya, gari-gari, ba sai ta hannun babbar tasha ba. Kuma a wasu shirye-shiryen, kowane kashi labarinsa daban, 'yan wasansa daban, mai gabatarwa ne kawai ke haɗa su. Kun ga ribar? Tasha za ta iya haska kashi na 20 kafin na 3, babu abin da ya ɓaci. Death Valley Days da wannan salon ya yi tun 1952 har 1970, har Ronald Reagan ya gabatar da shi kafin ya zama shugaban ƙasa.

To mu fa? Nan Kaduna talabijin ta fara tun 1962, kuma muna da namu. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ai ainihin wannan ginin ne: aku yana nan, labari na canzawa. NTA Kaduna ta mayar da shi wasan talabijin a shekarun 1980, marigayi Kasimu Yero yana ciki. Babana har yau ba ya gajiya da zancensa.

Ina son Labarina da Daɗin Kowa, kar ku ji ni ba daidai ba. Amma ƙaramin furodusa da ke Barnawa ko Sabon Tasha ina zai samu kuɗin riƙe jarumi shekara guda? Labarin minti 25 kuwa zai iya: jarumi ya zo kwana uku ya tafi, sabuwar fuska ta samu dama, kashin ya shiga YouTube yau, gobe a sayar wa tasha.

Tatsuniyoyi muna da su buhu-buhu. Ku wane labari kuke so a fara da shi?